Na Amsa

Mu bakwai ne, ba mu da ofis,
sai zauren Mma Fuseina a Aboabo
da gwangwanin madara da muke jefa sidi biyar-biyar.

Ran Asabar Barikisu kan rufe tukunyar wake da shinkafa da wuri,
Azumi ta ɗauko sabulu da reza,
mu gangara bakin kwata,
ɗakin Baba Gariba, tsohon direba.
Ya kai rabin Kumasi Bawku, ya dawo da su,
yau ba mai kai shi asibiti.

Muka wanke rigunansa, muka yanke masa farce.
Ya kira ni da sunan 'yarsa
da ta tafi Tema, shekara tara shiru.

Na amsa.
Azumi ta dube ni,
ta ci gaba da matse wanki.