Wankan Lantarki a Gliwice

Hunturu ashirin da shida motar Baba ta yi
a rumfar bayan gida, can Zabrze,
tayoyi sun kwanta, ɓeraye sun haihu a kujerar baya.
Na kawo ta Gliwice a bayan tirela
ranar da dusar ƙanƙara ke narkewa tana zama caɓi.

Tsoho Ludwik ya zaga ta sau biyu, bai ce uffan ba.
Ya sa babban yatsa ƙarƙashin ƙofa, ya danna,
ƙarfe ya marmashe kamar ɓawon burodi.
"Gishirin titi ne," in ji shi.
"Ana barbaɗa mana shi don kada mu zame,
shi kuma ya biyo mu gida yana ci a ɓoye."

Aka kwance ta. Inji gefe, gilasai gefe,
notuna a gwangwanaye, kowanne da takardarsa.
Saura ƙwarangwal a bakin ƙugiya,
aka tsoma shi a ruwan asid kwana tara.

Ruwan nan ba shi da kara.
Ya cinye koren fentin da Baba ke gogewa ran Lahadi,
ya cinye foti, ya cinye kwalta,
ya dawo mini da ƙarfe tsirara,
ƙasansa kamar rariya, haske na zuba ta ciki.

A ginshiƙin ƙofar dama muka gani:
lanƙwasa ce, an miƙar da ita da guduma,
an liƙa faci da waldar wanda hannunsa ke rawa.
Ludwik ya shafa. "Wannan gwangwanin murhu ne.
Motar nan ta taɓa rungumar bishiya."

Baba ya rasu yana cewa ko kaza bai taɓa takewa ba.
Na tsaya ina lissafi da yatsu.
Shekarar da murhun kicin ya ɓace.
Shekarar da ƙanena Mirek ya fara ɗingishi,
aka ce daga tsani ya faɗo.
Shi ne mai zama a dama.

"In yanke, in sa sabo?"
Na ce a toshe rariyar, a bar facin.

Kafin wanka na biyu ya ɗauko abin huji,
ya huda rufi, ya huda dokin ƙofa.
Na ce, yaya ana gyara kana ƙara ɓarna?
Ya ce, "Duk inda iska ta maƙale, fenti ba ya shiga.
Daga nan tsatsa za ta sake tohowa."

Ya maƙala mata waya mai kaurin tsintsiyar hannu.
Sarƙa ta yi ƙara, ta sauka da goshi
cikin tanki mai ruwa kalar toka.
Kumfa ta taso, ɓul, ɓul, ta ƙare.
Ya ja makunni.
Ba tartsatsi, ba hayaƙi, sai gunji ƙasa-ƙasa
da allura tana hawa a fuskar agogo.
A can ciki, inda ido ba ya kaiwa,
lantarki na kiran fenti ƙwaya-ƙwaya,
yana kai shi lungu da saƙo,
cikin bututu, bayan walda,
inda buroshi bai taɓa leƙawa ba tun tana sabuwa.
Inda ya rufu sai ya bari, ya nemi inda ke tsirara.
Minti uku. Allura ta sauko da kanta.

Tanderu ya gasa ta har warin ya kama gashina.
Ta fito toka-toka, sumul, da sauran ɗumi.
Facin na nan.
Fenti bai ɓoye shi ba,
ya dai bi kowane tudun waldar ya lulluɓe,
babu abin da zai sake cin sa.

Ludwik na rubuta rasit.
Na fita waje, cikin yayyafi, tsakanin tsofaffin bodi,
na danna lambar Mirek.
Ya ɗauka a ƙara ta biyar.
Na ce, "Na ga murhun Mama. Yana nan."
Shiru ya yi tsawo har na ji numfashinsa.
Sai ya ce, "Jirgin ƙasan ƙarfe nawa zan hau?"