Tsawon Sanda Ɗaya

Shekara goma sha tara ina saɓe da jakar wasu
a filin golf na Sakkwato,
inda ciyawa sai da damina take kawo ziyara,
bakin rami kuwa yashi ne da aka kwaɓa da baƙin mai.
Ban yi boko ba, amma dokar wasan nan
zaune take a kaina daram.

Ƙwallo ta faɗa gindin famfo?
Ɗan Adam ne ya kafa shi, ba laifinka ba ne.
Nemi wuri mafi kusa inda ƙarfen ya sake ka,
auna tsawon sanda ɗaya,
kada ka matso wa rami ko da taƙi,
ka sake ta daga gwiwa.
Kyauta ce, ba a rubuta maka komai.
Leda ce, ko kwalbar lemo? Kawar, ka buga.

Ran Asabar, a rami na bakwai,
ƙwallon Injiniya Sahabi ta shige saiwar aduwa,
ta lafe kamar ƙwan zabuwa.
Ya duba, abokai sun ba da baya.
Ya dube ni:
"Arzika, wanga icce ai cikas na."
Na ce, ranka ya daɗe,
famfo na hukuma ne, kwalbati na ɗan kwangila,
aduwa kuwa wa ya ba da kwangilarta?
Ko ka buge ta yadda ta kwanta,
ko ka ɗauka, ka biya bugu ɗaya.

Sai na ga takalminsa yana rarrafe,
fari fat, sabo,
yana sansanar ƙwallo kamar akuya ta ga ɓawon rogo.
Na yi tari.
Tarin nan ya ci mini dubu biyu ta sallama,
na san haka tun yana cikin maƙogwaro.

Ya buga. Ƙaya ta karɓe hularsa,
ƙwallo ta yi taku huɗu ta zauna.
Takwas ya rubuta, da hannunsa,
bai ce mini ci kanka ba har muka kai inuwa.

Da magariba ina tura keke ta Mabera,
tayar baya ta sace tun a hanya,
ina lissafin nawa filin.
Mai gida ya ƙara kuɗin haya:
famfo ne wannan, sai in matsa sanda ɗaya,
can Gidan Igwai akwai ɗaki.
Bashin mai shago, leda ce, wata rana in kawar.

Amma yanar nan da ke hawa idona na hagu,
wadda ta sa ƙwallo ke ɓace mini a sama
tun ba ta wuce dogon yaro na biyu ba,
ban gaya wa kowa ba.
Aduwa ce.

Gobe ƙarfe shida zan tsaya bayan mai bugu,
in karkata kai, in kasa kunne,
in ji inda ta faɗi.