Na Wanda Ke Bayanki

Firmin bai tambaye ni launin da nake so ba.
Ya ce in cire takalmi, in jingina da bango,
ya auna ni da igiya da guntun fensir.
Ƙafar hagu ta gaza ta dama da milimita shida,
tsarabar faɗuwar da na yi a gangaren Zwalm bara waccan.
Ya rubuta shida a bayan takardar burodi.
Bai ce min sannu ba.

Shagonsa na bayan coci, rufin na yoyo wuri biyu.
Oktoba, ƙarfe huɗu, har an kunna fitila.
Bututun ƙarfe takwas a kan benci,
ya ƙwanƙwasa kowanne da farce, ya kasa kunne,
ya ware ɗaya gefe, bai faɗi laifinsa ba.

Keken tserena, wanda yatsa biyu ke ɗagawa,
ya rataye a ƙusa, ya lulluɓe da tsohon bargo.
"Wannan ɗan gata ne, Lieselot, bai san gishiri ba.
Daga Nuwamba za a barbaɗe titi,
taraktoci su kwaso laka daga gonakin dankali.
Jaki kike bukata. Barewa ta jira bazara."

Ranar walda hannunsa ya ƙi.
Shekara saba'in da tara.
Harshen wuta na rawa inda bai kamata ba.
Ya daɗe yana kallon hannun kamar aro ya yi.
Sai ya miƙo min.
"Kar ki kalli wutar, kalli ƙarfen.
In ya yi ja, ba shi tagulla, zai sha da kansa."
Na ƙona haɗin farko.
Na biyu ya kumbura kamar gwiwar da ta gurɗe.
A na uku tagulla ta zagaya, ta shige tsaga,
shiru, babu gardama.
Ya ce zai dafa kofi.
Na ji shi yana fyace hanci a ciki.

Waya talatin da shida a kowace ƙafa.
Na ɗaure, na sassauta, na sake ɗaurewa
har gargaren ya daina girgiza kai.
Taya mai kauri, birki mai ci ko a jiƙe,
sarƙa mai araha, tunda ba za ta ga Maris ba,
da ɗan faranti ƙarƙashin takalmin hagu:
shidan nan.

A kan madigadi muka yi faɗa.
Ya ɗauko takalmin ruwan Godelieve,
matarsa, shekara huɗu da rasuwa,
ya yanko doguwar roba kore,
ya ɗaura a baya har tana neman sharar ƙasa.
Na ce muni. Na ce nauyi.
Na ce ai bayana a kāre yake ko babu ita.
Ya ɗaure kusa ta ƙarshe kafin ya ɗago.
"Ba taki ba ce.
Ta wanda ke bayanki ce."

Lahadin farko na Disamba,
mu goma sha ɗaya a bakin kogin Schelde.
Ruwa na zuba a karkace, rabinsa ƙanƙara.
Yatsuna sun bar ni tun kilomita ashirin,
numfashi na fita fari, yana komawa baya.
Keken bai yi sauri ba, bai kuma yi ƙorafi ba,
ya bi duwatsun daɓe yana gunaguni ƙasa-ƙasa.
Wannes ya lafe a bayana awa uku cur.

A gidan kofi muka cire hula.
Kowace fuska laka ta yi mata zane,
haƙora na ƙas-ƙas da yashi,
ban da ta Wannes.
Ya shafa kumatu, ya duba tafinsa,
ya leƙa ta taga inda kekuna ke ɗiga,
ya biya min miya.

Kilo goma sha biyu. Babu suna a jikinsa.
Haɗin nan da ya kumbura yana ƙarƙashin sirdi,
Firmin ya hana a goge shi da magagari.
Duk yamma in na wanke gishiri da bokiti
nan soso yake tsayawa.