Kwalbar Adum

Sidi ɗari da ashirin na biya a Adum.
Koriyar kwalba, da hoton wata
wadda fuskarta ba ta san rana ba.
Mai shago ya ce ƙwaya biyu da safe,
tsufa zai rage sauri.

Na hau mota zuwa Aboabo
ina riƙe da ita kamar ƙwai.

Mma Zinatu ba ta yi boko ba.
Ta ɓare ƙwaya ɗaya da farce,
ta zazzage a tafin hannu, ta shinshina,
ta yi dariya har da tari.

"Zogale ne, Fusaina."
Ta nuna bayan ɗaki da haɓa,
inda bishiyar ke jingine da katangar kwano,
jikanyar wadda ta dasa
shekarar da aka haifi babana.
"Shekara hamsin ina cin sa da ƙuliƙuli.
Ga gwiwata nan, tambaye ta."

Na ce masu bincike suna dubawa, wataƙila...
Ta ce Allah ya ba su sa'a.
"Tsufa ba ɓarawo ba ne.
Ya daɗe yana sallama."

Amma ba ta mayar mini ba.
Tana kan talabijin, kusa da carbi.
Kullum ɗaya take sha, ba biyu ba,
wai kada kuɗina su ƙare da wuri.

Daren jiya na ga furfura a goshina.
Ban tsige ba.
Da safe na zagaya bayan ɗaki da ƙwarya.
Tana kallona daga tabarma,
ta ce in tsinko na sama,
sun fi taushi.