Bargon Kasuwar Barci

A Kasuwar Barci na sayo shi,
kada ku yi dariya, can ne.
Tela Jatau ya ɗora mini shi a kafaɗa,
gwiwata ta ce wash.
Kilo bakwai, in ji shi.
An ɗinke shi gida-gida kamar gurbin dara,
kowane gida cike da 'yan duwatsun gilashi
ƙanana kamar ƙwayar acca.

Na kai wa Baba Tanimu a Kakuri.
Tun da masaƙa ta yi shiru barcinsa ya ragu,
tun da Inna Lantana ta rasu ya ƙare ƙaf.
Daren da bargon ya fara danne shi
sai da na buga ƙofa sau uku da asuba.

Wata huɗu ke nan.
Bargo ya sha koko, ya sha man zafi,
ya sha gumin zazzaɓi biyu.
Yau dai babu makawa.

Rigar waje mai sauƙi ce,
kwance igiyoyi takwas, ko yaro ya wanke.
Uwar ce aiki.
Babban baho, ruwan rijiya mai sanyi,
don ruwan zafi yana cin zare.
Sabulu kaɗan. Bilic ko ƙofar gida kada ya zo.
Ba a bugu, ba a murɗawa.
Na naɗe wando na shiga da ƙafa
ina takawa kamar mai kwaɓin ƙasar gini,
duwatsun suna yi mini raɗa a tafin sawu.
Ruwa ya koma kalar shayi.
Na zubar, na ɗebo, na zubar,
sau huɗu kafin ya faɗi gaskiya.

Jiƙaƙƙen bargo ya fi ƙarfin mutum guda.
Na leƙa katanga na kira Maman Kuyet,
ta zo da ɗanta, muka kama kusurwa.
Na nufi igiyar shanya, ta ce kul!
In ka rataya, ɗinki zai saki,
duwatsun su gangara gefe ɗaya
kamar kuɗin ƙasar nan.
Muka kwantar da shi kan benci uku
da tsohon ƙyauren da ba a gyara ba.

Ga shi Agusta ce.
Rana ta leƙo kamar mai bin bashi, ta koma.
Hadari ya taso ta wajen gada,
mu shiga da shi, mu fito da shi,
mu juya shi kamar majinyaci.
Da la'asar na taka wani abu mai sulɓi:
gida ɗaya ya farke a gefe.
Na durƙusa da faranti ina tsinta,
abin da kaza ba ta riga ni ba,
na mayar, na ɗinke da baƙin zare
don shi kaɗai na samu.

Dare biyu bargo bai bushe ba.
Dare biyu rediyon Baba bai mutu ba.
Ƙarfe biyu na shiga, idonsa na kan silin.
Ya ce, kai, uwarka hannu gare ta,
in ta ɗora mini a ƙirji cikin barci
sai in yi ta mita da safe.
Bai ƙara ba.
Na zauna bakin gado, na ɗora nawa.
Ban san kilo nawa ne hannuna ba,
na dai ƙara masa nauyi da gangan
har numfashin ya daidaita.

Ranar uku aka yi rana ta gaske.
Na matsa gida-gida ina neman laima,
na sunsuna tsakiya, babu warin ruma.
Na girgiza, duwatsu suka koma mazauninsu.
Na ɗaura igiyoyi takwas, ɗaya ta ɓace mini,
bakwai ma sun riƙe.

Yanzu yana minshari tun bayan isha'i.
Baƙin ɗinkina na daidai kafaɗarsa.
Ni ne a tsakar gida, baho a kife,
hannun dama ya ƙi ɗaguwa,
barci kuma ya ƙi zuwa.