Faranti Biyu, Aljihu Ɗaya

Da rana ina ɗaukar faranti a Bompai,
inda wuƙa ke zama dama, cokali mai yatsu hagu.
Yankan tsokar sa, kaurin tafin hannuna,
baki ya gasu, ciki da sauran ja.
Kuɗinsa ya fi kuɗin motata na mako biyu.
Wani ya ci rabi, ya ture,
ya ce in kawo tsinken sakace.

Da dare A Daidaita ta zubar da ni a Kurna.
Hancina ya riga ni sallama:
Goggo Tasalla ta ɗora ƙafar kaji,
kashi biyu daga wajen masu figa,
citta, masoro, daddawa ɗan tsagi.
Ta yanke musu farce ɗaya bayan ɗaya
kamar mai shirya jikoki zuwa Masallacin Juma'a.

Goggo ba ta karanta boko ba, amma tana da hujja:
"Kaza tun asuba take tono,
ka taɓa jin ta ce wayyo gwiwata?"
Ita kuwa tata gwiwar, in za ta yi sujada,
ƙara take kamar tsohon ƙyaure.

Shamsiyya cikinta wata bakwai.
Ranar awo na raka ta.
Sista Asabe ta ja fatar idonta ƙasa,
ta dube ni, ba ita ba:
"Malam, ka ga fari fat?
Jan nama. Ganye. Ga ƙwayar ƙarin jini, kar a tsallake."

Na ce, to ƙafar kaji fa? Muna ci kusan kullum.
Ta ajiye biro, ta yi dariya ba ta raini ba.
"Fata ce da jijiya da guringuntsi.
Furotin akwai, amma mai ɗingishi,
ba ya gina tsoka shi kaɗai.
Romon nan da ke daskarewa da safe, kolajin sunansa,
ana yaba shi don gaɓoɓi, ban hana ba.
Maiƙonsa ma ba kaɗan ba ne.
Amma ƙarfen da jini ke roƙo,
tsokar sa ta fi ta nesa ba kusa ba."

Na fito ina lissafi da yatsu a cikin aljihu.
Yatsun sun fi kuɗin yawa.

Ran Alhamis na tsaya bayan Oga Bulus
yana gyara yanka, yana zubar da gefe-gefe,
waɗanda ba su yi kyan faranti ba.
Ban taɓa roƙo a wurin aiki ba.
Na buɗe baki, sai tari ya fito.
Bai waiwayo ba. Ya naɗe su a takarda, ya ce,
"Sa bai san wane gefensa ne na masu kuɗi ba."

A gida aka shimfiɗa tabarma.
Shamsiyya ta ci a hankali, ido rufe,
ta tsinko loma, ta miƙa wa Goggo.
Goggo ta juya ta a dasashi, hagu, dama,
ta haƙura.
"Wannan na masu haƙori ne da masu ciki.
Miƙo min tukunyata."

Ta tsotse yatsu tas,
ƙananan ƙasusuwa suka jeru a bakin tire
kamar carbin da zarensa ya tsinke.

Ban san ko gwiwar ta ji sauƙi ba.
Ita ta ce ta ji; ƙyauren bai daina ƙara ba.
Idon Shamsiyya kuwa nakan duba a ɓoye
in ta ɗaga kai tana dariya.

Ni da na kawo sa, na biya kuɗin kaza,
da safe na buɗe murfi:
romo ya kwana, ya daskare, yana rawa.
Na ɗumama shi, na tsoma burodin jiya,
na fita neman mota.