Sili Ɗaya

Dare na uku ke nan a Muciya
allon nan ya ƙi ni.
Ja da ja, baƙi da baƙi,
ina sa batir sai fis ya ce fus,
ƙaurin roba ya cika zaure.

Na zargi Tanimu na Sabon Gari
da ya rantse mini kayansa sababbi ne.
Har mita sai da na zaga.

An ɗauke wuta.
Na cusa ƙarfen liƙi a gawayin Inna.
Dalmar jiya ta dunƙule kamar tuwon kwana,
ta hau waya, ba ta kama ta ba.
Na narkar da ita, ta kwanta tana sheƙi.

Shiru dai.

Sai Lantana, mai riƙe mini tocila,
ta ce, "Yaya, wannan gashin fa?"
Silin tagulla ɗaya tal
ya tsallaka daga ja zuwa baƙi.

Da farce na ɗauke shi.
Sabon fis. Fitila ta buɗe koren idonta.

Gobe zan bi ta rumfar Tanimu
da goro biyu a aljihu.